Wankin Baibai: Ribar da Asarar Wanke Fim ɗin Ribasal da Maganin Nagetif a Super 8 da 16mm

Kwanson Super 8 guda, wato siririn fim ɗin ƙananan kyamarori mai faɗin milimita 8, yana ɗauke da fim ƙafa 50, wato mita 15, firam wajen 3,600. In kyamara na gudun firam 18 a daƙiƙa, minti uku da daƙiƙa ashirin ke nan, sai fim ya ƙare. Idan Ektachrome 100D ne a cikin kwanson, kamfanin Kodak ya yi shi ne don a wanke shi da jerin magungunan da ake kira E-6, ya fito da hoto na zahiri: sama shuɗiya, ganye kore, fuska da launinta, a ɗora a majigi a haska a bango ba sai an buga wani kwafi ba. Irin wannan fim shi ake kira ribasal. Amma akwai masu ɗaukar fim da kan aika da shi ɗakin wanki da rubutu a jikin ambulan cewa kada a sa shi a E-6, a tsoma shi a maganin nagetif, ECN-2 ko C-41. Abin da ke fitowa dodon hoto ne, fari ya koma baƙi, kore ya koma majenta, wato ja mai sirkin shunayya. In an juya shi a kwamfuta sai a ga launuka sun yi tsauri, inuwa ta toshe, haske ya ƙone. A ɗakunan wanki kuros suke ce wa wannan aiki. A nan za mu ce wankin baibai.

Yawancin masu sha'awarsa sun ɗauka wani launi ne mutum ke zaɓa, kamar yadda ake latsa maɓalli a waya hoto ya yi kore-kore. A ganina abin ya wuce haka. Wanda ya yi wankin baibai ya sauya wa fim ɗin aiki baki ɗaya: ya ɗauke shi daga matsayin kammalallen hoto ya mai da shi ɗanyen kaya wanda sai wani ya fassara. Kuma duk ƙanƙantar firam, asarar da ke cikin wannan musaya ƙaruwa take. Don a ga dalili, dole a leƙa cikin fim ɗin.

Fim mai launi hawa-hawa ne a kan leda. Hawan sama yana jin shuɗin haske, na tsakiya kore, na ƙasa ja, kuma tsakanin na sama da na tsakiya akwai siririn shamaki rawaya da ke tare shuɗin haske kada ya wuce ƙasa. Kowane hawa cike yake da ƙwayoyin gishirin azurfa, tare da wani sinadari mara launi da ake kira kofla. Kofla ba rini ba ne, sai ya haɗu da maganin wankin launi da ya riga ya yi aiki a kan azurfa sannan ya zama rini: rawaya a sama, majenta a tsakiya, shuɗi-kore a ƙasa. Wannan tsari ɗaya ne ga nagetif da ribasal. Shi ya sa ma baiban ke yiwuwa. Da ginin ya bambanta, da babu abin da zai fito.

Bambancin yana wajen jerin wankin. A E-6, wanda Kodak ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1970, maganin farko na baƙi-da-fari ne. Minti shida a digiri 38, yana ƙona duk azurfar da haske ya taɓa ba tare da ya haifar da rini ko ɗigo ba. Daga nan sai wani magani ya "haska" sauran azurfar da ta rage, wadda haske bai taɓa ba. Sai maganin launi ya zo ya cinye wannan ragowar, rini ya fito a daidai wurinta. Sai wasu magunguna biyu, bilic da fiksa, su kwashe azurfa duka, rini kaɗai ya saura. Inda haske ya yi yawa babu ragowar azurfa, don haka babu rini, leda ta fito fes; inda duhu yake rini ya cika. Hoto ya miƙe ke nan.

Wankin nagetif ba ya wannan zagaye. C-41, wanda ya fito a 1972 kuma shi ne maganin da injinan wankin hoto na situdiyo suka yi ta amfani da shi a garuruwanmu kafin dijital ta ture su, kai tsaye yake zuwa da maganin launi, minti uku da daƙiƙa 15 a kusan digiri 38. ECN-2 na masana'antar fim, wanda ya biyo a 1974, minti uku ne a digiri 41. Rini na fitowa a inda haske ya taɓa. To in aka sa Ektachrome a ciki, an tsallake maganin farko da ma'aunin fim ɗin duka ya dogara a kansa. Injiniyoyin da suka gina shi sun daidaita hawa ukun nan ne yadda za su iso tare a ƙarshen minti shida na maganin farko. A maganin da ba nasu ba, wani hawa ya yi sauri, wani ya yi jinkiri, kuma tazararsu ba ɗaya ba ce a inuwa da a haske.

Wannan shi ne ainihin abin da ke ba wankin baibai kamanninsa, kuma shi ne abin da mutane suka fi kasa ganewa. Da a ce hoton gaba ɗaya ne ya karkata zuwa kore, da gyaransa abu ne mai sauƙi: a rage kore, magana ta ƙare. Amma a nan sai ka tarar haske ya karkata zuwa rawaya-kore, inuwa kuma ta nufi shuɗi ko shunayya. Ka gyara farar riga, gindin bango ya ƙara lalacewa. Ka gyara gindin bango, fuska ta koma ta mara lafiya. Layukan hawa ukun sun gitta juna, babu gyara guda da zai daidaita su duka. Kowane fim kuma da tasa karkatar. An san Ektachrome da son kore da rawaya, Velvia na Fuji da son ja da majenta, tsohon fim kuwa sai abin da hali ya yi.

Abu na biyu shi ne rashin ruwan goro. Duk wanda ya taɓa ɗaga dodon hoto mai launi ya duba a rana ya san ledarsa ruwan goro ce har gefe inda babu hoto. Ba ado ba ne. Rinin majenta da na shuɗi-kore ba tsarkakakku ba ne, suna shan wani haske da bai kamata su sha ba, sai aka yi dabarar sa wa kofla launi tun asali don ya rama wannan kuskure wajen buga kwafi. Ribasal ba zai iya ɗaukar wannan ba, tunda ido ne zai kalle shi kai tsaye. Don haka dodon hoton da ya fito daga wankin baibai ba shi da wannan garkuwa: ledarsa kusan garau take, da ɗan tabon launi kaɗan. Kuskuren rinin nan yana wucewa yadda yake, launuka su gurɓata juna ta wata hanya da nagetif na gaskiya ba ya yi.

Na uku, kuma mafi nauyi, tazarar haske da duhu. Akwai ma'aunin da ake kira gamma: in ya kai 1, bambancin haske a fim daidai yake da na abin da aka ɗauka. Nagetif ɗin kyamara an gina shi lallausa da gangan, wajen 0.6, saboda fim ɗin da za a buga kwafi a kansa mai tsauri ne, kusan 3. In aka ninka su sai a sami ƙasa da 2 kaɗan, abin da ido ke so a ɗaki mai duhu. Ribasal kuwa shi kaɗai yake ɗauke da wannan tsaurin duka, don babu mai ƙara masa. In ka mai da shi nagetif sannan ka buga, tamkar miya ce da uwargida ta gama sa wa gishiri sai mai rabawa ya zo ya ƙara nasa a kan zaton lami ce. Nagetif na zamani irin Vision3 na Kodak yana iya riƙe matakan haske fiye da goma tsakanin inuwa da rana, kowane mataki kuma ninki biyu ne na hasken wanda ke ƙasa da shi. Ribasal biyar ne zuwa shida a wankinsa na ƙa'ida, baiban kuma ba ya ƙara masa wata sarari ta a-zo-a-gani.

Abin dariya, masana'antar 16mm ta shafe shekaru tana yaƙi da wannan tsaurin da yau ake nema da kuɗi. A shekarun 1950 ribasal ne fim ɗin masu yawo da ƙaramar kyamara. Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim wanda rayuwarsa ta aiki ta ɗauru da Nijar, da ribasal ɗin Kodachrome na 16mm ya ɗauki Moi, un noir a unguwar Treichville ta Abidjan tare da Oumarou Ganda ɗan Yamai, fim ɗin da ya fito a 1958. Matsalar irin waɗannan finafinai ita ce in za a kwafe su ko a faɗaɗa su zuwa 35mm don sinima, tsauri na hawa kan tsauri. Shi ya sa a 1958 ɗin Kodak ya fito da Ektachrome Commercial, ribasal mai laushi da ba a yi shi don haskawa ba sai don kwafa kawai. Wato masu sana'a sun san illar tun tuni, hanyar kauce mata suke nema.

Sai a shekarun 1990 illar ta zama ado. Masu hotunan mujallu da masu bidiyon waƙa ne suka fara yayinta, sannan manyan finafinai suka ɗauka. Mai ɗaukar fim Malik Sayeed ya yi amfani da ita a Clockers na Spike Lee a 1995. Newton Thomas Sigel ya yi ta a wani sashe na Three Kings a 1999, har sai da aka sa sanarwa a farkon kwafin gida cewa baƙin launukan da gangan ne, kada mai kallo ya zargi talabijin ɗinsa. Tony Scott da Dan Mindel suka kai ta ƙurya a Domino a 2005. Daga baya Marcell Rév ya ɗauki babban ɓangaren zango na biyu na shirin talabijin Euphoria, wanda aka nuna a 2022, da Ektachrome da Kodak ya sake yankawa a faɗin 35mm saboda aikin, aka wanke shi a matsayin nagetif. 

Sai dai duk waɗannan 35mm ne. Firam ɗin Super 35 cikakke ya kusa milimita 25 a faɗi da 19 a tsayi. Na 16mm milimita 10.3 ne da 7.5. Na Super 8 kusan 6 ne da 4, wato wajen kashi ɗaya cikin ashirin na filin 35mm. Ƙwayar tsakin fim, wato ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoto, girmanta ɗaya a dukkansu, faɗaɗawar ce ta bambanta. Kuma wankin baibai yana ƙara fito da tsaki ta hanya biyu. A wankin ribasal, manyan ƙwayoyin azurfa masu saurin jin haske su ne maganin farko ke cinyewa a zubar, hoton ƙarshe kuma ya ginu a kan ƙananan da suka rage; wannan na cikin sirrin santsin ribasal. A baibai manyan ƙwayoyin nan su ne ke gina hoton. Ga kuma tsauri, wanda ke ƙara wa kowane tsaki baki. A 35mm wannan ɗan yaji ne a fatar hoto. A Super 8 fuskar mutumin da ke tsaye nesa kaɗan tana iya narkewa cikin tafasar tsaki, ido da hanci su zama tabo biyu.

Ga kuma kyamarorin kansu. Kodak ya fito da Super 8 a 1965, yawancin kyamarorin da ke hannun mutane kuma na shekarun 1970 ne zuwa farkon 1980. Suna karanta saurin fim ne, wato ƙarfin jin haskensa, daga wani tsagi a jikin kwanso, masu arha daga cikinsu sauri biyu kawai suka sani, 40 da 160 na hasken fitila, daidai da 25 da 100 na rana. Wannan ne ya wahalar da mutane lokacin da Ektachrome 64T ya maye gurbin Kodachrome 40 a 2005, don kyamarori da yawa sun yi ta karanta shi ba daidai ba. Ektachrome 100D ya fi dacewa da su, amma mitar hasken da ta shekara hamsin, wadda wataƙila aka yi ta don batirin zaiba mai bolt 1.35 da aka daina sayarwa, kuskuren rabin mataki ko mataki guda ba komai ba ne a wurinta. Nagetif na shanye irin wannan kuskure ba a ma sani ba. Baibai ba ya yafewa. Wanda zai yi shi da gaske sai ya riƙe mitar hannu, ya kulle ƙofar lens da kansa.

To wane sauri za a ba fim ɗin? Nan masu sana'a suka rabu. Masu hoton tsaye da yawa kan ce a ƙara masa haske mataki guda, wani lokaci a rage lokacin wanki don tsaurin ya sauka. Wasu masu ɗaukar fim kuma sun ce su a wurinsu fim ɗin ƙara sauri yake a ECN-2, don haka rage haske suke. Saɓanin ba abin mamaki ba ne, tunda magani, zafi, shekarun fim da na'urar da za ta karanta shi duka suna cikin lissafin. Abin da ke tabbas shi ne hankalin ya juya. A ribasal tsoron mai kyamara haske ne, don in ya yi yawa leda ce zalla za ta fito. A baibai inuwa ce ke zama leda zalla in haske ya gaza, haske kuma in ya yi yawa rini ya yi kauri har sikana, na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta, ta kasa ratsa shi sai da ɗige-ɗige a hoton. Ta ko'ina akwai bango. Mafita kawai ita ce a sadaukar da kwanso guda don gwaji ko ƙafa 100 na 16mm: fuska ɗaya, kati mai ruwan toka, allon launuka, a rana da a inuwa, a sauri huɗu ko biyar, a wanke a ɗakin da za a yi ainihin aikin, a karanta a sikanar da za a yi ainihin aikin.

Na nanata sikana don a nan ne rabin abin da ake kira "launin kuros" ke fitowa. Wanda ya wanke Super 8 da baibai ba zai haska shi a majigi ba, sai in dodon hoto yake so ya nuna wa mutane, kuma buga kwafin Super 8 daga nagetif aiki ne da ɗakuna ƙalilan irin Andec na Berlin suka riƙe. Don haka kusan kowa sikana yake kaiwa. Na'urar in aka sa ta a tsarin nagetif, tana zaton ledar ruwan goro ce, sai ta cire launin da babu shi, hoton ya ƙara karkacewa. In kuma mai aikin ya bar ta tana gyara kanta, kowane sauyin fage da nasa launin. Mutum biyu za su karanta naɗi ɗaya, ɗaya ya ba ka kore mai ɗaci, ɗaya ya ba ka abin da ya kusa kama da Ektachrome na ƙa'ida mai ɗan zafi. A zamanin buga kwafi, ɗakunan wanki kan saka gilashin ruwan goro ko guntun ledar nagetif a hanyar hasken don injin ya dawo cikin iyakarsa. A yau abin da ya fi shi ne a nemi a karanta fim ɗin a shimfiɗe ba gyara, da zurfin launi bit 10 ko sama, a yi juyawar da hannu daga baya.

Wannan ke kawo tambayar da ba kowa ke son ji ba. Idan ƙarshenta a kwamfuta za a yanke hukuncin launi, kuma Kodak na sayar da Vision3 50D a kwanson Super 8, nagetif mai laushin tsaki da faɗin ƙirji, me zai hana a ɗauka da shi a matse shi a kwamfuta? Daga lallausan nagetif ana iya zuwa tsauri. Daga baibai ba a dawowa. Masu kare baibai na da amsa, kuma ba ta banza ba ce: yadda tsakin kowane hawa ke tafasa daban, da yadda ja ke cika ya kumbura, da yadda haske ke yankewa farat ɗaya, abubuwa ne da ke cikin jikin fim ɗin, kwaikwayonsu na da wuya. Na yarda da wannan a 16mm, inda firam ke da sararin ɗaukar dukan. A Super 8, da sabon Ektachrome, ban yarda ba sai a aiki na musamman, kamar mafarki ko fuska kusa-kusa ko bidiyon waƙa da ake so ya yi ƙara. An daina yin Ektachrome a ƙarshen 2012, sai a 2018 ya dawo da lamba 7294, kuma shi ne ribasal mai launi tilo da Kodak ke yi wa wannan ƙaramin faɗi. Abu guda da yake yi wanda babu mai yi shi ne ya ba ka asalin ledar da ta ratsa kyamara tana haskawa a bango. A biya tsadarsa sannan a zubar da wannan, don a sami nagetif da bai kai nagetif ba, ciniki ne da sai an yi tunani.

Akwai dalilai biyu da na fi ganin ƙarfinsu, kuma ba ruwansu da ado. Na farko samuwar wanki. Ɗakunan da ke da injin ECN-2 na 16mm sun fi masu E-6 na fim mai motsi yawa nesa ba kusa ba, don haka wani lokacin baibai ne kaɗai hanyar da ke kusa. Ribasal na E-6 ba ya ɗauke da baƙin shafin bayan leda da nagetif ɗin fim ya saba zuwa da shi, don haka ba ya ɓata wa injin komai ta wannan fuska, ko da yake wasu ɗakuna kan bar shi sai ƙarshen aikin yini ko su ƙara kuɗi. Na biyu tsohon fim. Fim in ya tsufa, ko ya sha zafi, hazo na kama azurfarsa. A wankin ribasal maganin farko na cinye hazon nan tare da hoto, sai baƙi ya kasa zama baƙi, komai ya fito fari-fari mai launin shunayya ko shuɗi, ba abin yi. A baibai hazon ya zama wani ɗan duhu ne shimfiɗe a ledar duka, wanda sikana ke iya cirewa. Tsaurin da ya zama aibi a sabon fim kuma, a tsoho shi ke ceto hoton da ya lafe. Ga mai kwanson Ektachrome 64T ko Velvia da ya shekara goma sha a durowa, baibai shawara ce ta hankali.

Masu wanki a gida su ma na son sa saboda sauƙi. Kayan aikinsu sananne ne: tankin Lomo na zamanin Tarayyar Sobiyet mai faifan karkace da ke ɗaukar mita 15, ko kuma bokiti kawai a tsoma fim a cukurkuɗe, a karɓi karce da tabo a matsayin sa hannu, yadda ake koyarwa a ɗakunan masu fasaha irin L'Abominable a Faransa da LaborBerlin a Jamus. Maganin farko na E-6 ba ya son zafi ya kauce ko da rabin digiri. A baibai tunda layuka sun riga sun gitta, ƙarin kaucewa kaɗan ba ya ɓata abin da bai ɓaci ba. Matsalar ɗaya, minti uku da kwata ya yi kaɗan ga tankin da cika shi da juye shi ke cin lokaci, sai wani gefen fim ya fi wani nuna. Shi ya sa da yawa kan sauko da zafin zuwa digiri 30 su tsawaita zuwa wajen minti takwas. Wanda zai gwada a Kano ko Damagaram cikin bazara, ɗumama ruwa ba shi ne damuwarsa ba. Ajiyar fim a sanyi kafin ɗauka da bayanta ita ce. Da hunturu kuwa ƙurar da ta sauka a jiƙaƙƙen firam mai milimita shida dutse take zama a allo. Safar hannu dole ce, don maganin launi na sa fata ta kamu da ƙaiƙayin da ba ya rabuwa da mutum.

Tsakanin C-41 da ECN-2 akwai zaɓi na gaske. Sinadarin da ke haifar da rini a E-6 ana kiransa CD-3, kuma shi ne a ECN-2. C-41 kuwa CD-4 yake amfani da shi, wanda in ya haɗu da koflar Ektachrome rinin da ke fitowa ya ɗan saɓa wa wanda aka tsara, a launi da kuma a juriya. Don haka ECN-2 ya fi kusa da jinin fim ɗin, C-41 ya fi hauka. Sannan ribasal na da azurfa mai yawa, gaurayen bilic da fiksa na ƙananan fakitin gida kuma kan gaza kwashe ta duka. In fim ya fito da duhu-duhu da launi a dushe, a mai da shi bilic da fiksa, babu illa, ko a fili ake.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarko. Rinin majenta na Ektachrome yana buƙatar fomalin ya kulle ragowar koflar da ba ta yi aiki ba, kuma a E-6 an ɓoye wannan sinadari ne a maganin da ke gaban bilic. Ruwan ɗauraya na ƙarshe a C-41 da ECN-2 na zamani ba shi da shi, don nagetif na yanzu ba ya buƙata. Fim ɗin baibai da bai sami wannan kulli ba yana iya sauya launi a ajiya da wuri, kuma Kodak bai taɓa lamunce wa kowa sakamakon wankin da ba na ƙa'ida ba. A tambayi ɗakin wanki ko suna ƙara maganin kullewa, a kuma kai sikana da wuri.

Juyin abin, wato sa nagetif a E-6, yana yiwuwa amma ba kasafai yake biyan wahala ba: hoto lami, ledar ruwan goro na nan, ga baƙin shafin baya, in fim ɗin na da shi, da sai an goge shi tukuna.

Kodachrome kuwa kada a kusanta shi da ɗayan magungunan nan. Tun fitowarsa a 1935 ba shi da kofla a jikinsa. A lokacin wanki ake shigar da rini hawa bayan hawa, aikin da ɗakin Dwayne's Photo a garin Parsons na jihar Kansas ya zama na ƙarshe da ke yi a duniya har ya daina karɓa a ƙarshen 2010. In aka sa shi a C-41 babu rinin da zai fito, bilic da fiksa su kwashe azurfar, a miƙo maka leda babu komai, hoton kakanni ya tafi. Baƙi-da-fari kaɗai ake iya fitarwa daga gare shi yanzu. Haka tsofaffin Ektachrome na kafin E-6, da Orwochrom na Jamus ta Gabas, da tsohon Agfa: an yi su ne don wanki mai sanyi, shafinsu bai taurara ba, a digiri 38 sai ya saɓule daga leda ya bi ruwa. Irin waɗannan a yanki taƙi guda daga bakin naɗin a cikin duhu, a gwada shi a digiri 20 zuwa 25 da tsawaita lokaci, a ga abin da ya fito kafin a tsoma sauran.